An yanke wa mahaifiyata hukunci a kan gida: har yaushe ƙofar afil take buɗe?

"Assalamu alaikum Barista. Mahaifiyata ce aka yi shari'ar gida da ita a Babbar Kotun Jiha a nan Kano, shekara huɗu ana yi. Wani mutum ne ya kai ta ƙara, ya ce marigayi mahaifinmu ya sayar masa da gidan kafin rasuwarsa. Ranar 12 ga Fabrairu alƙali ya ba shi gaskiya. Yau 25 ga Afrilu. Lauyanmu ya ce mu dakata sai kwafin hukunci ya fito kafin a yi afil, wato ɗaukaka ƙara, har yanzu kuma bai fito ba. Wani maƙwabcinmu ya ce kwana 30 ne, mun riga mun makara, wani ya ce kwana 90. Ga kawunnanmu sun shiga maganar sulhu, sun ce kada mu koma kotu tukuna. Mutumin kuma yana ta aiko mana mu kwashe kayanmu. Don Allah lokaci ya wuce ne? In bai wuce ba, me ya kamata mu yi?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah Ya jiƙan mahaifinku, Ya ba Hajiya juriyar wannan ɗawainiya. Shekara huɗu ana hawa da sauka a kotu ba ƙaramin abu ba ne ga dattijuwa.

Bari in fara da abin da ya fi damunka, Malam. Lokaci bai wuce ba. Idan yadda ka faɗa haka yake, wato Babbar Kotun Jiha ce ta saurari ƙarar tun daga tushe, kuma ranar 12 ga Fabrairu ta yanke hukuncin da ya rufe shari'ar, to wata uku gare ku, kuma zai cika ranar 12 ga Mayu. Daga ranar da ka rubuto, kwana 17 ya rage. Abin da ya tayar mini da hankali a wasiƙarka shi ne kowa a kusa da ku cewa yake ku jira. Lauya ya ce a jira kwafi, kawunnai sun ce a jira sulhu. Kwanakin nan kuwa tun ranar da alƙali ya rufe bakinsa suka fara tafiya, ba kuma za su tsaya wa ko ɗaya daga cikinsu ba.

Tambayarka uku ce a dunƙule: nawa ne wa'adin, shin akwai uzurin da ke tsayar da shi, sannan me zai hana a fitar da Hajiya daga gidan kafin a saurari afil ɗin.

Inda wata ukun ya fito

Ƙarar da ta tashi daga Babbar Kotun Jiha ko ta Tarayya, Kotun Ɗaukaka Ƙara take zuwa, kuma ku mutanen Kano yanzu reshenta yana cikin gari, ba sai an tafi Kaduna kamar da ba. Dokar Kotun Ɗaukaka Ƙara, a sashe na 24, ita ta yanka wa'adin. A shari'ar da ba ta laifi ba, irin ta gida, fili, bashi ko kwangila, wata uku ne in hukuncin ƙarshe ne, kwana 14 in ƙwarya-ƙwaryar hukunci ce da alƙali ya yanke ana tsakiyar shari'a. Kwana 90 ɗin da aka gaya maka yana cikin wannan sashe, amma na shari'ar laifi ne. Kwana 30 kuma shi aka saba da shi a ƙananan kotuna, shi ya sa ya zauna a bakin mutane, don yawancin shari'ar talaka can take farawa, can take ƙarewa. Maƙwabtanku kowa ya faɗi abin da ya taɓa ji, sai dai ba na kotunku ba ne. Wanda kuma zai haura daga Kotun Ɗaukaka Ƙara zuwa Kotun Ƙoli, sashe na 27 na dokar Kotun Ƙoli ya ba shi irin wannan wa'adi a shari'ar da ba ta laifi ba: wata uku ko kwana 14.

A cikin wata ukun nan, afil haƙƙin Hajiya ne. Sashe na 241 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ce hukuncin ƙarshe da babbar kotu ta yanke a ƙarar da ta fara a gabanta, ana ɗaukaka shi ba tare da neman iznin kowa ba. Ba za ta roƙi alƙalin da ya yanke ba, ba za ta roƙi na sama ba. Takarda za a shigar, a biya kuɗi, a karɓi rasit. Ranar 13 ga Mayu wannan haƙƙi ya koma roƙo, wanda kotu za ta iya amsawa, za ta iya ƙi.

Yanzu lissafi, don nan ne mutane ke zamewa. Wata uku da kwana 90 ba abu ɗaya ba ne. Doka watan kalandar Miladiyya take nufi, kuma ranar da aka yanke hukuncin ba ta shiga cikin ƙidaya. Kotun Ƙoli ta tabbatar da haka tun 1985 a shari'ar Akeredolu da Akinremi. Daga 12 ga Fabrairu ke nan zuwa 12 ga Mayu. Ɗauki kalanda ka ƙirga kwana 90 daga 13 ga Fabrairu a shekarar da Fabrairu ke da kwana 28, za ka sauka a 13 ga Mayu. Wato da kun bi maganar maƙwabcin nan na biyu kun jira rana ta casa'in, da kun makara da kwana ɗaya cif. A wurin kotu wanda ya makara da kwana ɗaya da wanda ya makara da shekara, dukkansu ƙarin lokaci za su nema.

Idan ranar ƙarshe ta faɗo a Lahadi ko ranar hutun gwamnati, Dokar Fassara, wadda ke bayyana ma'anar kalmomin dokoki da yadda ake ƙirga wa'adi, ta ce a tsallaka zuwa ranar da ba hutu ba. Asabar ba ta cikin abin da wannan doka ta kira hutu, alhali ofishin rajistara a kulle yake ranar, don haka wanda wa'adinsa ya faɗo Asabar ya ɗauka Juma'a ce ranarsa ta ƙarshe. Dogon hutun da alƙalai ke tafiya duk shekara shi ma ba ya tsayar da ƙidayar, rajista a buɗe take. Ko lokacin da ma'aikatan kotu suka tafi yajin aiki daga Afrilu zuwa Yunin 2021, aka garƙame ƙofofin kotuna a duk ƙasa sama da wata biyu, ni da nake da ƙarar da wa'adinta ya faɗa cikin wannan tsakani, roƙon ƙarin lokaci na rubuta bayan an buɗe, don kada abokin shari'a ya sami abin kamawa.

Wasu in na yi musu wannan bayani sai ransu ya ɓaci, su ce ai gaskiya ba ta tsufa, don me kwana ɗaya zai cinye haƙƙin mutum? Na fahimci zafin. Amma wanda ya yi nasara shi ma mutum ne, dole a sami ranar da zai san magana ta ƙare, ya gina filinsa ko ya sayar, kada jikokinsa su gaji shari'a. Kuma wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Wasiƙar da Sayyidina Umar ya aika wa Abu Musal Ash'ari a kan alƙalanci, wadda ta ce kada hukuncin da ka yanke jiya ya hana ka komawa ga gaskiya in ka gano ta, ita ce dai ta ce wanda ya yi da'awar hujjarsa ba ta kusa a sanya masa wa'adi, in ya kawo a ba shi haƙƙinsa, in bai kawo ba a yanke. Ƙofar gyara da wa'adi tare suka zo.

Na ƙarshe ne ko na tsakiya?

Ga dukkan alamu naku na ƙarshe ne, tunda alƙali ya faɗi mai gida. Amma saboda masu karatu, ga yadda ake ganewa. Kotun Ƙoli a shari'ar Akinsanya da bankin UBA ta 1986 ta ce a dubi umarnin da aka bayar: ya raba gardama tsakanin masu shari'a har ba sauran abin da za su koma yi a gaban wannan alƙali? In haka ne, na ƙarshe ne. In kuwa bayan umarnin za a dawo a ci gaba da jin shaidu, na tsakiya ne, kwana 14. Misali, alƙalin da ya ce ba shi da hurumin jin ƙara ya kore ta, ya yanke na ƙarshe. Wanda ya ce yana da hurumi, a ci gaba, na tsakiya ya yanke. Roƙo iri ɗaya ne aka gabatar, amma wa'adin ya bambanta gwargwadon amsar da aka samu.

Kwana 14 ɗin nan shi ya fi cin mutane, domin sau da yawa sai an nemi izni kafin a ɗaukaka, kuma neman iznin, samunsa da shigar da takarda duk a cikin kwana 14 ake so. Haka nan idan babbar kotu ta zauna ne a matsayin kotun afil, wato ƙarar daga ƙaramar kotu ta hauro mata, to wanda zai wuce gaba a kan abin da ya shafi shaidu da hujjoji sai da izni, a cikin wata ukun. In alƙalin babbar kotun ya hana iznin, doka ta ƙara kwana 15 a sake nema a sama. Ni dai ƙa'idata a ofis, duk hukuncin da na yi kokwanton wane iri ne, kwana 14 nake ɗaukarsa.

Jiran kwafi

Ba zan yi saurin ɗora wa lauyanku laifi ba. Yana da dalili. Dalilan afil masu ƙarfi daga cikin rubutun alƙali ake tsamo su, shafi da layi, a nuna ga inda ya kauce. Sashe na 294 na Kundin Tsarin Mulki ma ya ce kotu ta ba masu shari'a kwafi mai hatimi cikin kwana bakwai da yanke hukunci. A aikace kuwa duk wanda ya yi zirga-zirgar rajista ya sani, sai a ce ana bugawa, sai a ce yana teburin Mai Shari'a yana dubawa, sai mako ya zama wata. Amma jinkirin kwafi ba ya ɗage wa'adi ko da kwana ɗaya. Ƙidaya daga ranar da aka karanta hukunci a zauren kotu take, ko Hajiya tana wurin ko ba ta nan.

Mafita tana nan, kuma kowane lauya ya san ta. Takardar sanarwar ɗaukaka ƙara ba dogon abu ba ce. Sunayen masu shari'a, hukuncin da ake ƙorafi a kai da ranarsa, dalilan ƙorafin, abin da ake roƙon kotun sama ta yi, da adireshin waɗanda abin ya shafa. Lauyan da ya zauna a kotu ranar hukunci yana da abin da ya rubuta da hannunsa, daga ciki zai fitar da dalili biyu ko uku. Ko ba komai akwai dalili na gama-gari da ƙa'idar kotu ta yarda da shi, cewa hukuncin ya saɓa wa nauyin hujjojin da aka gabatar. A shigar da wannan yanzu. Ranar da kwafi ya fito, a nemi iznin kotu a gyara takardar, a ƙara dalilai. Gyaran takardar da ta shiga a kan lokaci abu ne da ake yi kullum, ba a cika hana shi ba.

Abu biyu a kiyaye. Na farko, a rajistar kotun da ta yanke hukuncin ake shigar da takardar, wato Babbar Kotun Jiha, ita za ta haɗa kundin shari'a ta tura sama. Na biyu, sa hannu. Hajiya da kanta tana iya sa hannu, ko lauya da sunansa na kansa wanda ke cikin rajistar lauyoyi. A shari'ar Okafor da Nweke ta 2007 Kotun Ƙoli ta yi watsi da takardun da aka sa wa hannu da sunan ofishin lauyoyi maimakon sunan mutum, kuma tun daga nan afil da yawa sun rushe a kan wannan bayan an shekara da shekaru ana jira. Takardar da ta lalace daga tushe kamar ba a shigar da ita ba ne, ranar da aka gano kuwa wata uku ya daɗe da wucewa.

Kada kuma a kai ranar ƙarshe. Ba a fafe gora ranar tafiya. Na taɓa tsayawa a rajista da takarda a hannu ranar da wa'adi zai cika, ƙarfe biyu ta wuce. Mai lissafin kuɗi ya fita salla, ya dawo ya rubuta mana abin da za a biya, yarona ya hau babur zuwa banki, ya tarar sabis ya ɗauke, layi har bakin ƙofa. Ina tsaye a jikin kanta ina kallon agogon bango, mai ƙarar yana zaune a benci ya rungume hularsa a cinya yana ta salati. Saura mintoci a rufe yaron ya shigo da rasit, aka buga hatimi. Tun ranar na sa wa kaina doka, afil mako guda kafin wa'adi yake fita daga ofishina.

Sulhu da kawunnai

Nan nake so ka saurare ni da kyau, don nan na fi jin tsoro. Sulhu alheri ne, ni ma ina tura mutane gare shi, kuma shari'a da yawa da na riƙe a zaure suka ƙare, ba a gaban alƙali ba. Kawunnanku suna gudun a ce ana maganar sasanci ku kuma kun ruga kotu, kamar an raina manya. Amma ka duba wanda jinkiri yake yi wa amfani. Mutumin nan hukunci yana hannunsa. Duk ranar da ta wuce, ƙarfinsa ƙaruwa yake, naku raguwa yake. Ranar 13 ga Mayu ba shi da sauran dalilin zama da kowa.

Wani ɗan kasuwa ya taɓa zuwa mini da takardunsa a baƙar leda, an yanke masa hukunci a kan shago. Abokin shari'arsa shi ya fara aiko da manya a zauna. Aka yi zama na farko a zauren wani dattijo, aka sha shayi, aka shafa fatiha, aka ce a dawo bayan mako biyu. Zama na biyu aka ce Alhaji ya tafi Umara. Na uku aka yi rasuwa a gidansu. Na huɗu aka kusa daidaitawa a kan kuɗi, ya ce sai ya shawarci 'yan'uwansa. Wata uku yana cika da 'yan kwanaki ya aiko da saƙo cewa a bar magana yadda kotu ta yanke. Ban san abin da ke zuciyar mutumin ba, Allah Ya sani. Abin da na sani, mun shafe watanni muna neman ƙarin lokaci, kuma kafin a ba mu an riga an karɓe makullin shagon. Dattijon da aka yi zaman a zaurensa ya fi kowa baƙin ciki, don da kyakkyawar niyya ya shiga.

Shigar da afil ba ya rufe ƙofar sulhu. Ka je wurin kawunnanka da ladabi ka ce musu: "Kawu, ba ƙin maganarku muka yi ba. Takarda ce doka ta sa wa rana, in ranar ta wuce ko ku ba za a ƙara saurarenku ba. A ajiye ta a kotu, ku ci gaba da zama. Ranar da kuka daidaita, mu janye." Janye afil takarda ɗaya ce. Kuma abin da na gani a aiki, sulhu ya fi tafiya da gaske idan ɗaya ɓangaren ya san akwai afil a gabansa wanda zai iya kwance masa nasarar. In aka daidaita, a rubuta, kowa ya sa hannu, a kai kotu ta mayar da shi hukuncinta.

Idan wa'adin ya riga ya wuce

Ba na fata ku kai nan, amma wani mai karatu yana can. Ƙofa ba ta rufe ruf ba. Sashe na 24 ɗin nan ya ba Kotun Ɗaukaka Ƙara ikon ƙara lokaci, ita kaɗai; babbar kotun da ta yanke hukunci ba ta da wannan iko. Ana shigar da roƙo tare da takardar rantsuwa, a cika sharaɗi biyu a tare: gamsasshen dalilin da ya hana a ɗaukaka a kan lokaci, da kuma dalilan afil waɗanda da ganinsu an san akwai abin saurare. Kotun Ƙoli ta nanata wannan a shari'ar Ibodo da Enarofia ta 1980 da wasu bayanta. Ɗaya ba ya wadatarwa in babu ɗayan.

Takardar rantsuwar nan ita ce komai, kuma ita aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. "Ba ni da lafiya" kawai ba ya isa. Wace cuta, daga yaushe zuwa yaushe, ina takardar asibiti, me ya hana ka aika wani wurin lauya? Kotu tana son a bi jinkirin a yi bayaninsa tun daga farko har ranar da aka shigar da roƙo. Tsawon jinkiri shi kaɗai ba ya kashe roƙo in bayanin ya gamsar, gajartarsa kuma ba ta ceto in babu bayani. Kuskure ko sakacin lauya kotu takan duba shi da sassauci, don ba a son a hukunta mutum da laifin wakilinsa, amma sai mai ƙarar ya nuna shi ma bai kwanta barci ba, yana bibiya. Rashin kuɗi shi kaɗai ba kasafai ake karɓarsa ba, haka ma "muna ta sulhu" in babu wata takarda da ta nuna ranakun zaman. Wanda ba a sanar da shi ranar hukunci ba sam, yana da dalili mai ƙarfi. Wanda kuma ƙorafinsa shi ne kotun ba ta da hurumin jin ƙarar tun farko, kotu takan sassauta masa a kan dalilin jinkiri, domin hukuncin da aka yanke ba hurumi ba shi da tushe.

In afil ɗin irin mai bukatar izni ne kuma lokaci ya wuce, roƙo uku ake haɗawa a takarda ɗaya: ƙarin lokacin neman izni, iznin kansa, da ƙarin lokacin ɗaukaka ƙara. A bar ɗaya, a kori duka.

Maganar a kwashe kaya

Wannan ita ce ta gaggawa. Afil shi kaɗai ba ya dakatar da zartar da hukunci. Sashe na 17 na Dokar Kotun Ɗaukaka Ƙara ya faɗa ƙarara. Ana iya shigar da afil yau, gobe ma'aikatan kotu su zo da takardar karɓar gida. Abin da ke tsayar da su roƙo ne daban, na dakatar da zartarwa har a gama afil, kuma a babbar kotun ake fara shigar da shi, in ta ƙi a hau sama. Wannan roƙo a kan afil yake tsayawa. In babu afil a ƙasa, ba shi da abin dogara. Ka ga ke nan jiran kwafin nan ya bar Hajiya a fili wata biyu da rabi, ba abin da ya kare ta.

Kotu ba ta bayar da dakatarwa haka kawai, tana son dalili na musamman, kamar yadda aka shimfiɗa tun shari'ar Vaswani ta 1972. A maganar gida dalilin a bayyane yake: dattijuwa ce a ciki, nan ne matsuguninta, in aka fitar da ita aka rushe ko aka sayar wa wani, ko ta ci afil ba abin da za ta tarar. A rubuta wannan dalla-dalla a takardar rantsuwa. In hukuncin bayyana mai gida kawai ya yi, bai ce a fita ba, to umarnin hana taɓa gidan za a nema. Lauya zai gane wanne ne in ya ga umarnin. Da zarar an shigar, a tabbata an kai wa mutumin da lauyansa da ofishin masu zartar da hukunci na kotun, a riƙe shaidar karɓa. Shi kuma ba shi da ikon zuwa da matasa ya fitar da kowa da hannunsa, ko da hukunci a aljihunsa. Ta hannun kotu ake zartarwa. Ku ma kada wani ya tanka masa da faɗa, duk saƙon da ya aiko a adana.

Ga wanda shari'arsa take ƙaramar kotu

A kotun Shari'a, kotun yanki da kotun gunduma ko majistare, abin da aka saba a jihohin Arewa kwana 30 ne, kuma kowace jiha da dokarta, don haka a tambayi rajistara ranar da aka yanke, kafin a bar harabar kotun. Haɗarin da ya fi yawa a nan shi ne kai afil inda ba a nan ya dace ba. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a, bisa sashe na 277 na Kundin Tsarin Mulki, huruminta aure ne, saki, riƙon yara, gado, wasiyya, kyauta da waƙafi. Rigimar mallakar fili ko cinikin gida da ba ta shafi waɗannan ba, Babbar Kotun Jiha take zuwa. Kotun Ƙoli ta faɗi haka a shari'ar Magaji da Matari ta 2000. Mutum sai ya yi shekaru a kotun da ba ta da hurumi, ya ci, a je sama a rushe komai, ya dawo yana neman ƙarin lokaci daga farko. Shari'ar zaɓe kuwa duniyarta daban, wa'adinta a Kundin Tsarin Mulki yake, kamar kwana 14 na ɗaukaka ƙarar rigimar kafin zaɓe, kuma ba kotun da ke iya ƙara shi.

Abin da na faɗa duka a kan wasiƙarka na gina shi, ban ga fayil ɗin ba, ban ji hukuncin ba. Ko afil ɗin zai yi nasara, wannan sai wanda ya karanta shaidun cinikin da mutumin ya kawo da yadda alƙali ya auna su. Ka sani kuma kotun sama ba ta sake kiran shaidu, kundin da aka rubuta a ƙasa take dubawa, kuma ba ta cika taɓa abin da alƙali ya gani da idonsa na gaskiyar mai shaida ba sai in ya kauce a fili. Ku zauna da lauya ya gaya muku gaskiyar ƙarfin ƙararku da abin da za ta ci, domin bayan takardar farko akwai sauran wa'adodi: rajistara yana da kwana 60 ya haɗa kundi ya tura, in ya gaza nauyin ya dawo kanku cikin kwana 30, sannan lauyanku yana da kwana 45 ya shigar da rubutacciyar hujjarsa. Amma wannan shawara ana yinta ne bayan takarda ta shiga. In daga baya kuka ga ba riba, ku janye.

Gobe da safe ka je ofishin lauyanku, in da hali da Hajiya ko babban wanku. Ka ce masa: "Barista, mun ji wa'adinmu 12 ga Mayu ne. Muna so a shigar da afil da roƙon dakatarwa a wannan makon, ko kwafi bai fito ba." Ku tafi da kuɗin rajista. Ku nemi ya rubuta wa rajistara takardar neman kwafi in bai riga ya yi ba, a buga mata hatimin karɓa. In ya shigar, ka karɓi kwafin takardar afil ɗin mai hatimin kotu da kwanan wata, da rasit ɗin biya, ka ɗauki hotonsu a waya. In kuwa mako ya ƙare bai shigar ba, Hajiya tana da ikon ɗaukar wani lauya ya shigar mata, ba sai ta jira iznin na farko ba.